Wai masu yanka iyakar ƙaramar hukuma suna duba hanyar ruwa da ta mota kuwa?

Ɗan Bayan Gari:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah masana ku zo ku fitar da ni daga duhu. Tunda aka fara zaman gyaran kundin tsarin mulkin nan kowa ka gani da takardarsa a hammata, wannan a ba mu jiha, wancan a ba mu ƙaramar hukuma, mu ma nan yankinmu a gefen Kano an kafa kwamiti har an fara yawo da littafi ana karɓar sa hannu da gudummawa. Ni ba adawa nake ba wlh, amma da aka nuna mana taswirar da suka zana sai jikina yayi sanyi, don layin ya bi ta tsakiyar babbar kwatar da take kwashe ruwan unguwannin mu ne gaba ɗaya, gabas namu yamma nasu, sannan tashar da kowa yake hawa mota in zai shiga gari ta faɗa ɗaya ɓangaren. Na tambayi wani dattijo a kwamitin yace ai iyakar dagatai aka bi, haka take tun kaka da kakanni.

To tambayata, shin akwai inda doka tace kafin a yanka iyaka sai an duba ta ina ruwa yake bi da damina, da kuma ta ina mutane suke bi su je kasuwa da aiki? Ko kuwa kawai wanda yafi ƙarfin faɗa aji ne yake jan layi? Ga ruwan sama yanzu ya canza hali, a kwana ɗaya sai ya zubo na sati guda.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam yaro na. Amsarka a taƙaice ita ce a'a, babu. Bari in ɗan faɗaɗa maka tunda a wannan harkar muka tsufa.

Ka buɗe kundin 1999 sashe na 7, a nan aka faɗi abin da za a lura dashi in za a shata yankin ƙaramar hukuma, abu uku ne, maslahar da ta haɗa mutanen wurin, alaƙarsu ta gargajiya, sai sauƙin gudanar da mulki. Shikenan. Babu kogi babu kwata babu titi. Mai wayo zai iya cewa ai magudanar ruwa tana cikin maslahar jama'a, gaskiya ne, amma a aikace na biyun ake kamawa, shi yasa dattijonku ya kawo maka zancen dagatai, ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Yawancin ƙananan hukumominmu a arewa gundumomin hakimai ne na zamanin En'e aka yi wa sabon suna, su kuma gundumomin nan Bature ya tsara su ne don karɓar haraji da jangali, ba don ya san wata rana gonakin za su zama unguwanni ba.

Gyaran 1976 ya bar mu da ƙananan hukumomi 301, Babangida ya ƙara har sau biyu suka kai 589 a 1991, Abacha ya cike su 774 a 1996, daga nan ba a sake ƙara ko ɗaya ba da tarayya ta amince da ita. Kano na da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 na da 27. Kuma kada wani ya ruɗe ka, abin da yake tura mutane neman sabuwa shine kason wata wata. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma a wajen rabon kashi 40 raba daidai ake yi, babba da ƙarama kowa ya ɗauki ɗaya. Kaga kenan in ka tsaga ɗaya ta zama biyu yankin ya ci riba, ga kujerar ciyaman ga kansiloli ga sakatariya. Wa zai tsaya yana maka lissafin kwalbati a nan?

Sannan hanyar ma doguwa ce. Sashe na 8 yace sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar jiha da kansilolin yankin sun sa hannu, a yi ƙuri'ar raba gardama, sauran ƙananan hukumomin jihar mafi yawansu su yarda, majalisar jiha ta amince, sannan majalisar tarayya ta saka sunan a kundi. Legas ta gwada a 2003 lokacin Tinubu yana gwamna, ta ƙirƙiro 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je kotun ƙoli, kotu tace riƙe kuɗin bai halatta ba amma su ma sababbin basu cika ba sai majalisar tarayya tayi nata aikin. Har yau a matsayin yankunan raya ƙasa suke zaune. Don haka ku dai bi a hankali da wannan gudummawar da ake karɓa.

Mai Ƙafa Uku:
Baba Allah ya ƙara lafiya, kun yi bayani na masu ilimi, ni kuma bari in faɗi na kan titi don ni adaidaita nake ja. Fasinjan da zan ɗauka da safe a Rijiyar Zaki Ungogo yake kwana, kasuwarsa Kantin Kwari wato Fagge, ɗansa yana makaranta a Gwale, in matarsa ba lafiya asibitin Murtala za a kai ta cikin Birni. A sawu ɗaya sai in ratsa ƙaramar hukuma uku ko huɗu kuma wlh ba wanda zai nuna maka ga inda wannan ta ƙare ga inda waccan ta fara, sai dai in ka ga kwalta ta yanke ka faɗa burji ko ka ga masu yankar rasit sun canza riga, to a nan zaka gane ka tsallaka.

Abin da yafi ci min rai shine titunan cikin unguwa masu haɗa ɓangare biyu. Akwai wani da nake bi, an zuba masa kwalta mai kyau har da kwata hagu da dama, yana zuwa daidai wata bishiyar darbejiya sai aikin ya tsaya cak, kwatar ma nan ta ƙare bakinta a buɗe, duk ruwan da ta kwaso sai ta juye shi a kan ragowar hanyar da ba a yi ba. Da damina wurin tafki ne, mu sauke fasinja ya naɗe wando ya tsallaka ya hau wata a can gaba ya sake biya, mu kuma kullum muna wajen bakanike. Da ba a yi rabin ba ma da yafi sauƙi, don da can ruwan bajewa yake yi.

Kuma tunda aka hana acaɓa a Janairun 2013 mu ne muke ɗauke da garin nan, gari kuwa ya tafi, yanzu har Dawanau muke kai mutane kullum kuma ita Dawakin Tofa ce a takarda, Jogana Gezawa ce, ta hanyar Zariya gidaje sun kusa haɗewa da Tamburawa wadda take Dawakin Kudu. Ana ta cewa ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ni a wajena wannan lissafin ya tsufa.

Bahaɗejiya:
Ku na birni kuna maganar kwata, mu kogi sukutum muke magana. Dam ɗin Tiga yana Bebeji, na Challawa yana Ƙaraye, duk a jihar Kano, kogunan biyu su haɗu su biyo ta Wudil su shigo mana Ringim, su wuce Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejia da Kirikasamma da Guri, su nufi Nguru da Gashuwa a Yobe. Kafin 1991 daga Tiga har Guri jiha ɗaya ce, gwamna ɗaya. Yanzu wanda yake zaune a bakin dam daban, wanda ruwan zai kwana a ɗakinsa daban. A 2022 mun ga tashin hankali, shinkafa ta kusa isa yanka ruwa ya shafe ta, mutane suka koma makarantun firamare da kan titi da awakinsu, gari da gari sai a kwalekwale.

Abin da nake so Ɗan Bayan Gari ya gane, jinga ita ce misalin maganarsa. Garin sama in suka tara buhunan ƙasa suka ɗaga jingarsu ruwan ba ɓacewa yake ba, gaba yake yi ya fasa ta garin ƙasa, in kuwa garuruwan ba ƙaramar hukuma ɗaya suke ba to babu teburin da zai zaunar dasu tun kafin damina, sai abu ya ɓaci a fara zargin juna har da kwana gadin jinga da dare. Ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwan, a share ta a nan a bar ta a can, aikin banza kenan. Eh akwai hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are, amma ta tarayya ce, ciyaman bashi da iko da ita, ita ma bata da iko da inda ciyaman zai bari a yi gini ko a yanka fuloti.

Yerwa Boy:
Yaya Bahaɗejiya kin taɓo min inda yake ciwo. Dam ɗin Alau a Konduga yake, amma da ya ɓalle daren 10 ga Satumban 2024 Maiduguri da Jere ne suka nutse, Gwange, kasuwar Monday, asibitin koyarwa, gidan zu, har gidan yari. Kuma an taɓa yin irinta a 1994. Maiduguri da Jere kam gari ɗaya ne, kogin Ngadda ɗaya ne, baƙo bazai taɓa bambance su ba. Ban ce iyaka ce ta fasa dam ba, amma gine ginen da aka bari a bakin kogi shekara da shekaru kowa cewa yake ba hurumina bane.

Uwar Marayu:
Ni fa ban yarda da inda zancen nan ya dosa ba. Duk kun taru kuna nema ku kashe wa mutane gwiwa. Ku da kuke kusa da sakatariya baku san wahalar wanda sai yayi tafiyar rabin yini kafin ya samu takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ba, ko mai naƙuda da za a ɗora a bayan babur saboda asibitin yana hedikwata. Garuruwa nawa ne suka samu wuta da kwalta da sakandare albarkacin an mai dasu hedikwata a 1996? Ku je ku tambaya. Kuma Kumbotso ko Ungogo ko Nassarawa yau mutanen da suke ciki sun fi ƙarfin ciyaman ɗaya, wannan ko makaho ya shafa ya ji.

Sannan maganar a bi kogi, Malam mutane ba ruwa bane. Ƙauyen da kakanninsu suke bin hakimi kaza, can suke aure can suke zuwa hawan sallah, ka zo da taswira kace daga yau ku na can ne saboda gangaren ruwa, wlh rigimar da zaka tayar sai tafi ambaliyar. Mun ga yadda raba masarautar Kano a 2019 da sake haɗe ta a 2024 ya raba kan 'yan uwa, to wannan ma sarauta ce kawai ba kason wata ba.

Ɗan Katsinan Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku bari maƙwabci ya sa baki. Mu nan Maradi ruwa ne ma ya canza muna mazauni, tsohon gari cikin kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, anka maido mutane bisa tudu inda birnin yake yanzu. Kuma Gulbin nan daga wajenku yake zuwa, tun da anka yi dam na Jibiya masu noman rani na Madarunfa da Jiratawa suke kallon abin da za a sako musu.

Abin da nike son in ce, mu tsarinmu ya ɗan bambanta. Maradi birni guda ne da magajin gari guda, an raba shi gunduma uku a ƙarƙashinsa, Yamai biyar, Damagaram biyar. Takardun haihuwa da ƙananan hidimomi kana samu a gundumarka kusa da gida, amma babban tsarin gari da manyan magudanai na birni ne gaba ɗaya. Ban ce mun tsira ba fa, ruwa na cin mu duk shekara, kuɗi babu, kuma tun 2024 sojoji sunka rushe zaɓaɓɓun majalisun sunka naɗa nasu. Mu ma garin ya fita daga iyakarsa ya doshi Tibiri, ita kuwa wata hukuma ce daban. Amma dai in kwata ta toshe a tsakiyar gari an san ƙofar da za a buga.

Sai batun jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi da Buhari ya aza harsashinsa a 2021, kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Duk inda anka sa tasha gari zai tashi a wurin, kasuwa, masu lodi, gidajen haya. Ku da kuke zana sabbin iyakoki yanzu, kun duba inda tashoshin za su faɗa?

Injiniyan Gari:
Hajiya Uwar Marayu tana da gaskiya a abu ɗaya, kuma ni aikina kenan amma zan faɗa, babu layin da zaka ja ya dace da komai. Yankin da ruwa yake tarawa daban, yankin da mutane suke zirga zirga daban, na gargajiya daban. Ku ɗauki Jakara kawai, ta taso daga cikin birni ta bi ta Dala da Fagge, ta haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ta ratsa Ungogo ta je ta zube a dam ɗin Wasai a Minjibir, kuma a hanya da wannan ruwan ake ban ruwan latas da kabejin da ake dawo mana dasu kasuwa. In kace Jakara ta zama ƙaramar hukuma ɗaya to Challawa fa, ita da take can kudu ta Kumbotso? Ba zai yiwu ba.

Amma inda na rabu da ita, ba a ce kada a ba kowa ƙaramar hukuma ba, cewa ake in za a ja layi kada a ja shi a tsakiyar kwata ko tsakiyar titi. Wannan shine mafi munin zaɓi, kuma shi aka fi yi saboda yafi sauƙin nunawa a taswira. Abin da aka mai da shi iyaka ya zama marar uba kenan, jifa da shara daga hagu da dama, yashewa kuwa kowa yace na wancan ne. Gara kwatar da gefenta biyu su faɗa hannu ɗaya, a matsar da layin can bayan gidaje ko kan tudu inda ruwa yake rabuwa da kansa.

Kuma ku lura da wani abu, jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma tashoshin mota, kasuwanni, titunan unguwa, magudanai da kwashe shara. A Kano a aikace jiha ce ta kwashe mafi yawa, KNUPDA na tsara gari, KAROTA na kan titi, REMASAB na shara, kuma dalilin kenan da abin bai fi haka lalacewa ba, don su basa tsayawa a iyaka. To ga hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 yace a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abu ne mai kyau, amma in ya tabbata sosai, ciyaman takwas ko sha biyu kowa da kuɗinsa a hannu kowa yana son aikin da zai saka allonsa kafin zaɓe, rabin titin da Mai Ƙafa Uku ya bada labari zai yawaita ne ba raguwa ba, sai dai in majalisar jiha tayi dokar da zata tilasta musu zama teburi ɗaya kan magudanai da sufuri, kowa ya zuba wani kaso. Legas da ƙananan hukumominta 20 ai ba haɗe su tayi ba, hukumar sufuri ɗaya ta kafa wa birnin gaba ɗaya, LAMATA, ita ta fito da manyan bas masu layinsu daban a 2008. Mu ma ba baƙon abu bane a wajenmu, tun farkon shekarun 1960 aka yi wa Kano da kewayenta tsarin shekara ashirin, na wani masanin tsara gari mai suna Trevallion, 1963 zuwa 1983, birnin aka kalla a dunƙule. Tsagawar daga baya ta zo.

Batun canjin yanayi kuma, kwalbatocin da muke dasu an auna su ne da ruwan da, lokacin da bayan gari gonaki ne masu shanye ruwa kuma kududdufan cikin birni suna nan ba a cike su an yi shaguna ba. Yanzu ko'ina siminti da kwano, ruwan da ya sauka a unguwar tudu cikin minti kaɗan ya iso na gangare. Abin da ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022 kowa ya gani, atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi a cikin ruwa, kuma ba duka ruwan ne ya sauka a Fagge ba.

Ɗan Bayan Gari:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya ki yi haƙuri ni ma ina son mu samu, wahalar sakatariyar nan ni ma ina sha. Injiniya to yanzu mu da bamu da kowa me zamu yi? Ranar Asabar akwai zaman kwamiti, in na tashi nace a canza layi za a ce yaro ya zo raba kan jama'a, dama an fara min kallon ɗan hana ruwa gudu.

Baba Mai Ritaya:
Kada ka tashi a taro ka faɗa, za su yi maka ca. Ka samu dagacinku da limamin Juma'a a gida tun kafin ranar, ka tafi da mutum biyu daga gidajen da ruwa ya taɓa rushe wa katanga, ɗaya daga gabashin kwatar ɗaya daga yamma, su yi magana da bakinsu. Ka nemi yaran nan masu iya waya su sauko maka da hoton unguwar daga sama a buga shi babba, a ja layin kwamiti da jan biro a ja hanyar ruwa da shuɗi, dattawa in sun gani da ido basa musu.

Sannan ka sani gyaran iyaka tsakanin ƙananan hukumomin da suke akwai yafi ƙirƙiro sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba, shi ma yana sashe na 8 ɗin, baya buƙatar ƙuri'ar raba gardama, 'yan majalisar yankin da kansiloli ne za su nema majalisar jiha ta amince. Don haka ko sabuwar bata samu ba, maganar kwatar da tashar zata iya tafiya ita kaɗai. Ku rubuta ta a takarda daban, kada ku cusa ta cikin waccan, ku kai wa ɗan majalisarku na jiha kwafi ɗaya, hakimi kwafi ɗaya, kuma ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a naku kwafin kafin ku baro ofishin.

Mai Ƙafa Uku:
In kun tashi kai takardar ku kira ni in kai ku kyauta, amma ta hanyar darbejiyar nan zamu bi ku gani da idonku, kowa ya taho da silifas.